Zugazugin Miloshi

Wata ranar Laraba ce a bazarar 1990, rana ta take tsaka, ina zaune a gindin murhun maƙerar babana ina zuga, gumi na bin gadon bayana, sai muka ji mota ta tsaya a bakin rumfa. A lokacin mota ba ta shigowa garinmu sai da babban dalili, domin daga Bazaga zuwa wurinmu hanyar amalanken jaki ce, daga yashi sai kututture. Wani Bature ya sauko, dogo, rana ta gasa shi ya yi ja wur, gashin baki ya rufe masa leɓe, yana riƙe da wani ƙarfe da ya karye biyu. Ya yi sallama da Hausarsa da ba ta fi cikin cokali ba, ya miƙa wa Baba guntayen, yana haɗa su yana rabawa don a gane abin da yake so. Baba ya jujjuya ƙarfen, ya ce in ƙara wuta. Ni kuwa ɗan shekara goma sha ɗaya, ga baƙo yana kallo, sai na shiga nuna gwaninta: dama, hagu, dama, hagu, fatun akuyar nan biyu suna numfashi bi da bi, wutar ba ta tashi ba ta kwanta. Bature ya manta da ƙarfensa. Ya tsuguna a gabana yana kallon hannuwana, yana kaɗa kai daidai da zugar, can ya fashe da dariya har da bugun cinya. Na ɗauka raina ni ya yi, na haɗe rai har ya tafi.

Sunansa Miloshi, ko dai iyakar abin da bakinmu ya iya ke nan. Makanikin injin haƙa rijiya ne, shi da mutanensa sun kafa tanti a bayan gari wajen fadama. Malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, ya nuna mana ƙasarsa a taswirar da ke jikin bango, ya ce Yugoslabiya ake kiranta, shi kuma Miloshi ya ce mutanensa a cikinta su ne Sabiyawa. Washegari da la'asar ya dawo karɓar ƙarfensa, rataye da wani jan akwati a ƙirji. Gefe da gefe akwatin cike yake da farare da baƙaƙen maɓallai, tsakiyarsa kuma a nannaɗe take. Ya nuna zugazuginmu, ya nuna tsakiyar akwatin, ya ja. Abin ya buɗe, ya shaƙi iska, ya saki wata murya da ban taɓa jin irinta ba, siririya mai sauri, tana hawa tana gangarowa, ga wata kakkaura a ƙarƙashinta tana taka mata. Awakinmu suka watse. Matan gida suka bar daka suka cika zaure, ƙanwata Hadiza ta zo da tulu a ka ta manta ba ta sauke ba. Shi yana kiran akwatin harmonika, kiɗan kuma kolo. Mu dai kafin magariba duk gari ya sa masa suna zugazugin Bature.

Daga ranar, kusan kowace la'asar yana rumfarmu. Da na dawo daga lakwal, na shayar da awaki, na fasa wa Baba gawayi, sai in wanke hannu da toka in zauna a kan wani turmi da ya fashe, Miloshi ya ɗora mini akwatin. Nauyinsa ya kusa kai buhun wake, kuma in na rungume shi idanuna kaɗai ke leƙowa ta sama, abin da ya sa abokaina suka riƙa ce mini kunkuru. Ban damu ba, su suna langa a ƙofar gida, ni ina riƙe da abin da ko ɗan hakimi bai taɓa taɓawa ba. Jan iskar bai ba ni wuya ba ko kaɗan, wannan tun ina ɗan shekara shida nake yin sa. Hannun hagu ma ya zo da sauƙi, maɓalli biyu ne ake takawa bi da bi, yadda Baba da yaron aikinsa suke karɓa-karɓa da masaba. Hannun dama ne ya ci mini tuwo a ƙwarya. Yatsuna na ɗan maƙeri ne, kaurara masu kanta, sai su danne maɓalli biyu a lokaci guda, abin ya yi kukan jaki. Miloshi yakan tsaya a bayana ya ɗora yatsunsa a kan nawa, yana warin taba da baƙin mai, ya bi da ni gaɓa guda ta kiɗan har sai yatsuna sun je wurin da kansu. Akwai wani ɗan karkarwa da ake yi da yatsa biyu a ƙarshen kowace gaɓa, wanda na yi damina guda ina nema. Ranar da na same shi, ya ɗaga ni sama ni da akwatin gaba ɗaya, ya kurma ihu, “Opa!”

Kiɗan na rawa ne, kuma Miloshi ya dage sai an yi rawar. Ya taɓa kama hannun Baba da na wani dattijo da ya kawo gyaran hauya, wai su yi da'ira su riƙa tsalle gefe-gefe. Baba ya zare hannunsa a hankali ya koma bakin uwar maƙera. 'Yan mata ne suka karɓi abin. Hadiza da ƙawayenta suka yi da'ira a ƙofar rumfa, amma da kiɗa ya yi daɗi sai su saki hannu su shiga tafi irin na gaɗa. Miloshi ya bi su yana haɗa musu hannuwa, yana girgiza kai, suna dariya suna sake saki. Ba a taɓa gama rawar nan yadda yake so ba, amma ni ina kiɗa, ƙura na tashi, kuma ban san wani farin ciki da ya kai wannan ba a duk ƙuruciyata.

Mutum guda ce ba ta dariya, kakata Iya, mahaifiyar Baba. A gidanmu na maƙera kiɗa ba abin wasa ba ne. Kowace kaka, bayan an ɗaure gero an kai rumbu, makaɗan maƙera suna zuwa da gangunansu, kuma kowane namiji a gidan yana da takensa, kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai, wanda in an buga dole ya miƙe ko yana cin abinci. Akwai take guda da aka daina bugawa, na Habu ƙanen Baba, wanda ya tafi ci-rani Abijan tun ba a haife ni ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iya ce ta hana. Wata rana ta tsaya a bakin rumfa da ƙwaryar auduga a hannu, ta ce mini, “Tambaye shi, wanga kiɗi taken wa na?” Na haɗa Faransancin lakwal da nuni na tambaya. Miloshi ya yi ɗan tunani, ya dafa ƙirjinsa, ya ce da shi aka yi rawar aurensa, amma na kowa ne a garinsu. Na fassara mata duka. Ta ɗauki rabin farko ta watsar da na biyu. “Kiɗin da ba shi da mai shi, ni ban taɓa jin shi ba,” in ji ta. Daga nan ya zama taken Miloshi, kuma ba wanda ya isa ya ja da ita.

Shekara ta zagayo, sai Miloshi ya canza. Yana da ƙaramin rediyo da yake mannawa a kunne, ya riƙa zuwa da shi rumfa, ya zauna shiru yana saurare alhali ni ina kiɗa, ko kuskure na yi ba ya ɗago kai. Malaminmu ya ce ƙasarsu ta kama da yaƙi, maƙwabci da maƙwabci. In ya karɓi akwatin, kiɗan nan dai yake yi, amma a hankali, yana jan kowace murya har iskar ta ƙare, 'yan mata su tsaya cirko-cirko ba su san inda za su sa ƙafa ba. Wata safiya, muna shirin tafiya gona roron wake, ya zo da motarsa cike da kaya. Ya sauko da akwatin, na zaci ni zai ba. Ya wuce ni ya miƙa wa Baba. Baba mutum ne da duk gari ke kawo wa ajiya, daga takobin gado har tasoshin auren 'ya'ya mata, kuma ba a taɓa cewa ko allura ta ɓata a hannunsa ba. Ya goge hannuwansa a warki ya karɓa da hannu biyu. Miloshi ya shafa kaina, ya ce da Hausa, “Ina zuwa,” kamar wanda zai je bayan gari ya dawo.

A daren farko ma ban samu taɓa shi ba. Baba ya ce, “Wagga ajiya ta, ba kyauta ba.” Na yi kuka, na ce ai kiɗan zai gudu daga hannuna kafin Miloshi ya dawo, kuma ni ya koya wa, ba wani ba. Wataƙila da Baba ya sassauta, don na ga ya yi jim. Amma Iya ta rufe ƙofar da magana guda. “Ba a buga taken wanda ba a san halin da shike ciki ba. In shina da rai, ka tashe mai hankali can inda shike. In ko ya mutu, to wa kaka kira?” Limamin garinmu ya sha faɗa cewa irin wannan magana camfi ce, kuma ni ma yanzu haka zan ce a gaban mutane, amma ranar ban sake neman akwatin ba.

Sai maganar inda za a ajiye shi. Ɗakunanmu na ƙasa ne, gara ba ta barin komai, ɓeraye kuma sun taɓa cinye wa Baba sabon takalmi. Baba ya yi wa akwatin abin da ya gada, abin da ake yi wa zugazugi mai daraja. Ya sa aka kawo man shanu mai kyau daga rugar Fulani, ya bi kowane lungu na nannaɗen nan ya shafe shi don kada ya bushe ya tsage. Ya naɗe shi a sabuwar fatar akuya, ya ɗaure da tsirkiya, ya rataye shi a azarar maƙera, daidai saman murhu, inda hayaƙi ke tashi kullum. A nan muke rataye irin shuka da igiyoyi da duk abin da ba mu so ƙwaro ya taɓa. Babu wuri mafi daraja da aminci a duk gidanmu. Duk wanda ya shigo ya gani sai ya ce lallai Baturen nan ya san inda ya kai kayansa.

Haka na ci gaba da zuga a ƙarƙashinsa, ina ɗaga kai ina kallon ƙunshin yana baƙi. Don kada kiɗan ya gudu, na riƙa buga shi a duk inda yatsuna suka samu: a kan teburin lakwal har malam ya ƙwale ni, a wuyan jaki in za mu Konni da kaya ranar kasuwa, a haƙarƙarina in na kwanta. Ina jin sa a kaina sarai, har da ɗan karkarwar nan. To, a bazarar farko ne muka fara jin motsin. Rana tsaka, wuta na ci, Baba ya ajiye masaba don ya sha ruwa, sai muka ji ƙwas, wani ɗan ƙaramin abu ya faɗi a cikin ƙunshin. Muka dubi juna. Bayan kwana biyu muka sake ji. Baba ya hau turmi ya duba, ba ɓera, ba gara, fatar lafiya lau, ya ƙara mata mai ya sauko. Da labari ya kai kunnen Iya, ta zo ta tsaya a ƙarƙashinsa ta daɗe, har aka yi sa'a ya sake yi. “Kun ji?” in ji ta a hankali. “Mai shi na motsi.” Ba ta ce motsin rai ko na mutuwa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni dai tun daga ranar ba na yarda in zauna a maƙera ni kaɗai, kuma in ya yi ƙwas ɗin nan sai in ji kamar an tsaya a bayana, har ina jin warin taba. Ya yi ta yi duk bazarar, ya ɗan yi a ta biyu, daga nan ya yi shiru. Shirun ya fi motsin ba ni tsoro.

Damina uku ko huɗu suka wuce, na bar lakwal, na fara riƙe masaba. A wata kaka makaɗa suka zo kamar kullum, amma tsohon makaɗin ya rasu, ɗansa ne ya jagorance su, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa. Yana cikin bin taken mazan gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya buga na Habu. Baba ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, sai ga Iya ta miƙe da sandarta. Ta shiga tsakiyar fili, tsohuwar da ban taɓa ganin ta taka rawa ba, ta yi taku kaɗan, hawaye na zuba har haɓarta. “Bar shi shi buga,” ta ce. “Shekara da shekaru na hana a kira shi, bai zaka ba. Ku kira shi, ko shi ji.” Da aka gama ta juyo wajen Baba, ta nuna maƙera da sanda. “Sauko da na Bature. Shi ma uwa ta haihe shi.”

Duk taron ya biyo mu bakin rumfa. Hadiza da ƙawayenta, da suka zama manyan 'yan mata, suka riƙe hannu tun ba a ce ba. Baba ya yanke tsirkiyar, ya ware fatar da ta ƙame. Jan akwatin ya dushe, nannaɗen tsakiyarsa ya sha mai ya kumbura ya yi laɓo-laɓo, ashe ba fata ba ce, kwali ne da ƙyalle aka lulluɓe. Na rataya shi, yanzu daidai ƙirjina yake. Na ɗora yatsuna inda suka sani, na ja. Iska ce kawai ta fito, doguwa, irin numfashin mai barci, wani abu kuma yana kwaranniya a ciki kamar tsakuwa a gora. Na tura, na sake ja, na danne maɓallan duka da tafin hannu. Iska dai. Baba ya karɓe shi ya zare ƙusoshinsa da bakin wuƙa, ya buɗe a gaban kowa. Ga wasu siraran harsunan ƙarfe, masu ba akwatin murya, sun zube sun taru a gindi, sun manne cikin wani abu da ya narke ya sake daskarewa. Ya ɗan ɓantaro ya shinshina. Kakin zuma ne. Da shi aka liƙe kowane harshe a gurbinsa, shi ne wutarmu ta narkar, harsunan suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a kan kunnenmu. Baba ya zauna a ƙasa, shi da ba ya zama in akwai baƙi a tsaye. Ya ce, “Muna ji shina mutuwa, muna zaune.”

Duk ranin nan bai yi aikin kirki ba. Ya sayo kaki wajen masu ɗiban zuma, ya kankare harsunan da toka da tsumma, yana liƙawa ina dannawa. Amma harsunan suna da yawa, ramukan suna da yawa, ba mu san wane ne na ina ba, wasu kuma tsatsa ta riga ta cinye su. Abin da muka samu a ƙarshe murya ce nan, gurbi can, in na bi kiɗan sai ya fito da giɓi-giɓi, wurin da ya kamata ya hau ya gangaro. Na roƙi Baba mu bari, don jin sa haka ya fi mini shirun ciwo. Ya mayar da ƙusoshin ya ba ni akwatin in kai ɗaki. Bayan 'yan kwanaki ya aika aka kira duk masu ajiya a wurinsa, ya mayar wa kowa kayansa, kuma har ya koma ga Allah bai sake karɓar ko tsinke na wani ba. Ba wanda ya zarge shi a garin. Shi ne bai yafe wa kansa ba, kuma duk motar da ta tsaya a ƙofar rumfa sai na ga hannunsa ya tsaya a kan masaba.

Yau ina walda a Konni, kusa da tashar 'yan kabu-kabu. Injin lantarki ke hura mini wuta, yaran shagona ba su taɓa riƙe zugazugi ba, ba su kuma san wani take ba sai wanda waya ke yi in an kira su. 'Yata ta taɓa nemo mini kolo a wayarta. Ga su nan birjik, maza da mata riƙe da hannun juna suna zagayawa suna dariya, kiɗa iri-iri, lallai na kowa da kowa ne kamar yadda ya faɗa. Na saurara har batir ya mutu ban ji nawa ba, ko kuwa na ji shi ban gane shi ba, don ba ni da tabbacin abin da yatsuna ke bugawa a kan benci in an ɗauke wuta bai gauraya da gangar maƙera ba. Ina kewar la'asar ɗin nan, ina kewar Baba, ina kewar mutumin da ban san ko ya isa gida ba. In yana raye ya tsufa ƙwarai, amma har yanzu nakan tsinci kaina ina shirya abin da zan ce masa in ya yi sallama. Akwatin yana nan a ɗakina, a inuwa, nesa da wuta. Ajiyar ce babu, muryar da ya bar mana a cikinsa.